Rasuwar Baba Velaphi Mkandla da Makomar Akwatunansa

Cikin alhini da sanyin jiki, Ƙungiyar Masu Zane da Sassaƙa ta Insimbi da ke birnin Bulawayo, a madadin Kwamitin Amintattunta da Majalisar Zartarwarta da ɗaukacin membobinta na gida da waɗanda neman abinci ya watsa a ƙasashen waje, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma wanda ya aza harsashinta, Shehin Malami, Dattijo, Baba Velaphi Mkandla, tsohon malamin zane, gwanin walda, Shugaban Kwamitin Amintattu na farko, kuma Daraktan farko na Baje Kolin Tsohuwar Masaƙa da ake gudanarwa duk bayan shekara biyu. Baba Mkandla ya riga mu gidan gaskiya ranar Talatar makon jiya a wani asibiti da ke nan cikin birni bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da tara, an kuma kai shi makwancinsa ranar Asabar a gidan kakanninsa da ke Kezi, a gefen garken shanu inda ake kwantar da masu gida. Ya bar 'yarsa tilo, Injiniya Sakhile Mkandla, da yayarsa, Gwaggo Thokozile Mkandla, da jikoki, da ɗalibai masu ɗimbin yawa.

Ni da aka ɗora wa nauyin sa hannu a wannan sanarwa, Zanele Khabo, na so a ce ta tsaya a kan ta'aziyya kawai. Sai dai tun ba a gama mayar da ƙasa a kabari ba wayoyin ofishinmu ke ruri, daga 'yan jarida zuwa masu tsara baje koli, har da wasu da ba su taɓa ɗaga waya sun gaishe shi yana raye ba, kowa kuma tambayarsa guda ce: shin aikinsa na ƙarshe, wato ɗakin nan da ya gina da tsofaffin akwatunan ƙarfe, zai tafi babban baje kolin nan na Turai da aka gayyace shi, ko kuwa ba zai tafi ba? Za mu amsa a nan, sau ɗaya tak, domin a sarara wa iyalinsa su yi makokinsu. Amma amsar ba za ta shiga kunnen wanda bai san mutumin ba, saboda haka a yi mana haƙuri mu fara da shi.

An haifi Baba Mkandla a unguwar Makokoba, ɗa ne ga ma'aikacin jirgin ƙasa, a wurin mahaifinsa kuma ya koyi riƙe ƙarfe tun kafin ya iya riƙe fensir. Ya koyar da zane a makarantun sakandare na wannan yanki, ya tafi ƙaro ilimi a ƙasar waje, ya kuma dawo gida a daidai lokacin da masu irin takardunsa ke ta neman hanyar fita. A can waje ne ya fara ganin manyan bukukuwan baje kolin fasahar zamani, irin waɗanda birane ke shiryawa duk bayan shekara biyu su tara masu zane da sassaƙa daga ko'ina a duniya. Ya sha ba mu labarin ranar da ya fara sa ƙafa a irin wannan zaure, ya ce sai da ya nemi benci ya zauna, domin bai taɓa sanin ana iya tara tunanin mutanen duniya a ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa musun amfanin abin ba. Yakan ce a nan ne mai zane daga ƙauyen da ba ya cikin taswira zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da wanda hotonsa ke cikin littattafai, kuma a nan ne akan faɗi da fenti abin da in aka faɗa da baki a gida sai an kwana a caji ofis.

To amma Allah ya yi shi da baki, bakin kuma ba shi da linzami. Shi ne ya fara fitowa fili ya ce masu zaɓen ayyukan da za a baje sukan sauka a filin jirginmu, su wuce otal, su leƙa ɗakunan aikin mutum biyun nan da wanda ya zo kafin su ya leƙa, su koma filin jirgi, sannan su je su rubuta ƙaton littafi a kan fasahar nahiya guda. Shi ne ya ce sunayen da ke zagaya waɗannan bukukuwa ba su wuce cikin motar haya ɗaya ba, yau a gan su a wannan birni, baɗi a wancan, alhali 'yan garin da ake bikin a cikinsa ba sa shiga zauren sai da tsintsiya ko rigar gadi. Ya rubuta wannan, ya faɗe shi a gaban masu abin, ya yi ƙaurin suna a kansa. Abin da ya biyo baya kuwa shi kansa ya ba shi mamaki, domin maimakon su yi fushi sai suka riƙa aiko masa da tikitin jirgi. Na tuna wata dawowa da ya yi, ya shigo ofis ya jefar da hularsa a kan tebur, ya ce da ni: “MaKhabo, mutanen nan sun fi ƙarfina. Na wanke su tas, na ce musu 'yan yawon buɗe ido ne masu digiri, wallahi sai suka miƙe tsaye suna tafi. Wata har da hawayenta. Sun ce in dawo nan da shekara biyu in ƙara musu.” Haka aka yi ta yi har kusan shekara talatin. Bakinsa suke gayyata, ba su taɓa gayyatar aikin hannunsa ba, kuma mu da ke kusa da shi mun san abin yana ci masa rai ko da yake da dariya yake ba da labarin.

Da masaƙun unguwar masana'antu ta Belmont suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, aka sallami dubban ma'aikata, Baba Mkandla ya yi tsayuwar daka har aka ba wannan ƙungiya aron ɗaya daga cikin gine-ginen da aka yi watsi da su, a ciki kuma ya kafa namu baje kolin, da dokokin da ba inda aka taɓa jin irinsu. Ba a buɗe wa kowane babban baƙo ƙofa sai tsofaffin ma'aikatan masaƙar sun fara shiga sun zagaya. Ba a kai baƙi otal, sai dai a rarraba su a gidajen Makokoba da Mzilikazi, su ci tuwon masara da ganye irin na masu gida, in an ɗauke ruwa su ɗauki bokiti su bi layi. Haka nan ya hana a manna doguwar takardar bayani a gefen aiki, ya ce wanda ya yi abu ya tsaya kusa da abinsa a makon farko, duk mai tambaya ya tambaye shi. Waɗanda suka ga waɗancan shekaru na farko ba za su manta ba. Rufin yana yoyo, wuta tana zuwa tana tafiya, mata na soya masara a bakin ƙofa, tsofaffin ma'aikatan masaƙar kuwa suna jan jikokinsu suna nuna musu daidai inda injinsu yake a da, wasu na dariya wasu na share ido da bakin zane. Akwai ranar da wata mai sayar da tumatir ta tsare wani mashahurin mai sassaƙa da ya zo daga nesa, ta ce masa, “Ɗana, na duba ta gaba, na duba ta baya. Ka gama ne, ko da saura?” Bawan Allah ya waiga yana neman ceto a wurin Baba Mkandla, shi kuwa ya juya baya yana ta gyaran wata ƙusa da ba abin da ya same ta. Ba mu da komai a lokacin, amma ban taɓa ganin garin nan ya ɗauki wani abu a matsayin nasa kamar yadda ya ɗauki wannan biki ba, ina kuma kewar waɗannan kwanaki ƙwarai.

Adalcinsa shi ne bai bar nasa bikin ya tsira daga harshensa ba. Da sunan Tsohuwar Masaƙa ya yi nisa, manyan baƙi suka fara zuwa da kansu, sai muka wayi gari duk yaron da ya yi fice a bana, kafin biki na gaba ya tattara ya koma Berlin ko Landan ko Cape Town. Matasa suka fara auna aikinsu da girman akwatin da zai shiga jirgi, suna koyon irin maganar da baƙi ke son ji tun ba su gama koyon haɗa launi ba. A wani taron shekara ya miƙe a gaban kowa ya ce, “A da sai sun sha wahala kafin su gano yaranmu. Yanzu mun share musu hanya, mun tara musu su wuri ɗaya, har da shayi.” Wani daga cikinmu ya ce to a rufe mana, sai ya harare shi ya ce, “A rufe, yaran su koma sayar da katin waya a bakin titi? Zauna, don Allah.” Haka ya rayu da abin, yana sukarsa yana ɗauke da shi a ka, bai kuma taɓa yin kamar ya warware wannan ƙulli ba.

Bayan rasuwar maiɗakinsa ya sauka daga kujerar darakta, ya koma Kezi, ya kafa rumfar walda a bayan gida. A nan ya fara aikin da ya cinye sauran ƙarfinsa. Ya riƙa bin ƙauyuka a amalanken jaki yana roƙon tsofaffin akwatunan ƙarfen nan da iyayenmu da kakanninmu suka riƙa ɗauka zuwa ramukan zinariyar Johannesburg, waɗanda wasu suka dawo tare da masu su, wasu kuma suka dawo su kaɗai. Ya jera su, ya haɗa su da walda, ya tayar da ɗaki zagayayye irin na gargajiya, murafun duka suna buɗewa ta ciki. In mutum ya sunkuya ya shiga ya zauna, sai ya ga hotunan da masu akwatunan suka manna a cikin murfi, da sunayen da suka karce da ƙusa, ƙamshin sabulu da kafur kuma bai gama fita daga wasunsu ba. Na ga ƙattin maza sun shiga suna surutu sun fito ba mai cewa uffan.

Labarin ɗakin ya kai kunnen shugabar masu tsara wani babban baje koli na Turai, wanda ba za mu kama sunansa ba, kuma gaskiya ce a faɗa cewa wannan baiwar Allah ba ta yi irin ta magabatanta ba. Ta zo har Kezi, ta yi kwanaki a gidan, ta ci abin da aka ci, ta zauna a cikin ɗakin akwatunan ta daɗe. Bayan ta koma sai ga gayyata, wannan karon ta aikin ce, da zaure guda sukutum da aka ware masa. Da aka karanta masa sai ya taɓe baki ya ce, “Sun makara. Ba inda za ni.” Ba a yi mako ba aka gan shi a layin sabunta fasfo, da sandarsa da kujerarsa ta ninkewa. Ya riƙa zagaya garke safe da yamma wai yana motsa ƙafa saboda an ce zaurukan can suna da tsawo, ya kuma ishi 'yarsa da tambayar irin sanyin da ake yi a can. Injiniya Sakhile ta ɗauki hutu daga wurin aikinta a Johannesburg ta dawo gida, ta zauna ta tsara yadda za a raba ɗakin gida-gida a kuma sake haɗa shi a can ba tare da an ɓata ko murfi ɗaya ba. An sa ranar da mota za ta zo ɗauka. Kafin ranar ta zo, rai ya yi halinsa.

Mun san ba a saba kawo zancen cikin gida a sanarwa irin wannan ba, amma iyalin ne da kansu suka ce a faɗa yadda aka yi, domin a daina yi musu ƙage. A cikin ruɗanin rasuwa ba wanda ya tuna ya dakatar da kamfanin jigila, don haka ranar Litinin, ana tsakiyar zaman makoki, sai ga ƙatuwar mota ta kunno kai cikin gida da manyan akwatunan katako a bayanta. Gwaggo Thokozile, wadda ita ce babba a gidan yanzu, ta ɗaga kai ta ce, “Ku ba baƙo ruwa ya wanke hannu. Mutum ya taso tun daga Bulawayo da wannan uwar mota don ya yi mana gaisuwa, ai ya kyauta.” Direba ya cire hula ya bi layi ya gaisa da kowa, aka sa masa tuwo da nama ya ci, sai da ya sha ruwa sannan ya iya faɗin abin da ya kawo shi. Gwaggo ta miƙe tsaye. Ta naɗe tabarmarta, ta zagaya bayan gida, ta shimfiɗa ta a bakin ƙofar rumfar da ɗakin akwatunan yake ciki, ta zauna ta miƙe ƙafa.

A al'adar gidan Mkandla, kamar gidaje da yawa a wannan yanki, ba a fitar da kayan maigida daga gida, ba a raba su, ba a ma gusar da kayan aikinsa daga inda ya ajiye, har sai shekara ta zagayo an yi umbuyiso, wato bikin da ake kiran mamaci a dawo da shi gida cikin kakanninsa. Ga masu rubuta cewa wata tsohuwar ƙauye da ba ta san duniya ba ce ta tare hanyar fasaha, muna sanar da su cewa Gwaggo Thokozile ma'aikaciyar jinya ce da ta yi aiki shekaru masu yawa a asibitocin Ingila kafin ta yi ritaya, kuma jigo ce a ƙungiyar matan cocinsu. Ta san abin da ake nufi da wannan gayyata sarai.

Sakhile ta same ta a wurin, ina tsaye a gefe, ta durƙusa ta ce, “Gwaggo, don girman Allah ki saurare ni. Shi da kansa ya amince. Kin ga yadda ya riƙa yi da fasfo ɗin nan kamar yaro da sabon takalmi.”

Gwaggo ta ce, “Na gani. Lokacin yana da rai, kayansa ne, in ya ga dama ya zuba su a rijiya. Yanzu kuwa ƙanena yana waje, bai shigo ba tukuna. In shekara ta cika muka dafa giya muka kira shi, ya shigo ya tarar da rumfa wayam, me zan ce masa? In ce kayanka sun tafi kallon Turawa?”

“Su can ba za su jira ba, Gwaggo.”

“Turan nan na zauna a cikinta har gashina ya yi fari, ban ga tana tafiya ko'ina ba.”

Sakhile ta ce, “Ba ki ga fuskarsa ba ne ranar da gayyatar ta zo.”

Gwaggo ta dube ta ta ce, “Ni na goya shi a bayana, 'yata. Kada ki koya mini fuskarsa.”

Mota ta juya ba kaya. Ƙungiyarmu ma ta rabu biyu, aka kai ruwa rana a majalisa, matasa na cewa maganar mamaci ce ya kamata a bi tunda ya faɗe ta da ransa, dattawa na cewa wanda bai taɓa binne uba ba ne ke irin wannan magana. Sakhile kuwa ba ta sauka daga kan bakanta ba, amma ba ta yarda a matsa wa gwaggonta ba, sai ta ce a nemi masu baje kolin a roƙe su su ajiye masa gurbinsa zuwa biki na gaba. Da yake waya ba ta kamawa a cikin gidan, ranar Laraba da hantsi muka hau kan dutsen da ke bayan garke, ni da ita, muka kira shugabar ta wayar da ake ganin juna.

Matar ta yi ta'aziyya, kuma ban ga alamar ta fatar baki ce ba, domin idanunta sun kawo ruwa. Amma ta ce jira ba zai yiwu ba, saboda wa'adinta zai ƙare da wannan biki, masu zuwa bayanta kuma kowa da irin idonsa, ba ta da ikon yi musu alkawari. Sannan ta gyara zama, fuskarta ta washe, ta ce ita da abokan aikinta sun kwana suna tunani, sun samo mafita mai kyau. Za su bar zauren da aka ware masa ba komai a ciki, su rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a bango, su yi bayanin al'adar da ta hana aikin zuwa, su naɗi muryar Gwaggo tana faɗin dalilinta a riƙa sakawa masu kallo suna ji. In kuma da hali, a aiko musu da ita tabarmar da take zaune a kai, tunda ba ta da nauyi, jirgin sama ma zai kawo ta, su shimfiɗa a bakin ƙofar zauren. Ta ƙare da cewa, cikin murna da kyakkyawar niyya, a ganinsu wannan zai ma fi akwatunan ratsa zuciya.

Sakhile ta matso da wayar kusa da fuskarta. Ta ce, a hankali, “Dakta, mahaifina ya ƙone idonsa da hannuwansa a kan akwatunan nan. Yanzu kina gaya mini rashinsu ya fi su?” Matar ta fara cewa ba haka take nufi ba, Sakhile ta katse ta: “Gwaggona ba wasa take yi a bakin ƙofar nan ba, makoki take yi. Ya jira ku shekara talatin, ku shekara ɗaya ta gagare ku. Ku cire sunansa.”

Muka sauko daga dutsen. Sakhile ta wuce kai tsaye bayan gida, Gwaggo ta gan ta tafe, ta matsa gefe ta bar mata rabin tabarma. Bayan ta zauna Gwaggo ta ce, “Me suka ce?” Sakhile ta ce, “Sun ce a gaishe ki. Wai tabarmarki suke so.” Gwaggo ta dubi tabarmar, ta dubi 'yar ƙanenta, ta ce, “Ikon Allah. Duk kujerun da na baro musu?” Sakhile ta fara dariya, dariyar ta juye, ta kifa kanta a cinyar tsohuwa ta yi kukan da ba ta yi ba ko a bakin kabari.

Saboda haka, Ƙungiyar Masu Zane da Sassaƙa ta Insimbi, bisa umarnin iyalan marigayi da amincewar Kwamitin Amintattu, tana sanar da cewa aikin ƙarshe na Shehin Malami Baba Velaphi Mkandla ba zai bar Kezi ba, kuma an janye sunansa baki ɗaya daga wancan baje koli, ba a kuma yarda a baje zaure wayam, ko hoto, ko murya, ko wani bayani da sunansa ko da sunan gidansa ba. Muna gode wa masu gayyatar bisa karamcin da suka yi masa yana raye, ba mu kuma riƙe su da mugun nufi ba, sana'arsu ce ta koya musu ganin abin bajewa a cikin duk abin da suka kalla, mu ma kuma da muke cikin sana'ar muna neman tsari daga hakan. Rumfar za ta kasance a rufe har a yi umbuyiso a ranin baɗi, abin da za a yi da akwatunan bayan nan kuwa magana ce ta 'yan gida, ba tamu ba. Muna roƙon 'yan jarida da masu ɗaukar hoto su bar hanyar Kezi ta huta, sai fa wanda zai je gaisuwa, shi wannan ƙofa a buɗe take.

Akwai masu ba mu shawarar mu rubuta cewa da marigayi yana nan da haka zai zaɓa, tunda ya ƙare rayuwarsa yana sukar waɗannan bukukuwa. Ba za mu yi wa mamaci ƙarya ba. Baba Mkandla ya so ya je. Ya so ya tsaya kusa da ɗakinsa a wancan zaure, da sandarsa, mutanen duniya su sunkuya su shiga, su fito su tambaye shi. Ya so hakan fiye da yadda ya taɓa yarda ya faɗa, mai yiwuwa ne kuma irin wannan gayyata ba za ta sake zuwa ba har abada. 'Yarsa ta fi kowa sanin haka a lokacin da ta buɗe baki a kan dutsen nan.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Mai Girma Gwaggo Thokozile Mkandla, da Injiniya Sakhile Mkandla da 'ya'yanta, da dangin Mkandla na Kezi da na Makokoba, da tsofaffin ma'aikatan masaƙa, da iyalan da suka ba shi akwatunan iyayensu, da ɗalibansa a duk inda suke a faɗin duniya. Allah ya ba shi hutawa, ya sa ya samu kyakkyawar tarba a wurin magabatansa. Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya da tsawon kwana, ta ga cikar shekarar da take tsaro. Ita kuwa Sakhile, wadda ta tsara tafiyar mahaifinta da hannunta ta kuma soke ta da bakinta, muna roƙon Ubangiji ya ba ta juriyar da ta fi ta rashin uba, domin kowa zai koma gida bayan makoki, ita ce za ta ci gaba da tambayar kanta ko ta yi masa daidai, kuma wanda zai iya ba ta amsa yana kwance a gefen garke.

Sa hannu:
Uwargida Zanele Khabo
Sakatariyar Yaɗa Labarai kuma Mai Magana da Yawun Kwamitin Amintattu
Ƙungiyar Masu Zane da Sassaƙa ta Insimbi, Bulawayo